Watan da Baba ba ya ƙirgawa

Yanzu kowace safiya sai an yi mini jarabawa a ƙofar ɗakina, ni da ban taɓa zama kan bencin lakol, wato makarantar boko, ba. Jikata ce ta samo wani abu cikin salularta da ke aiko mata tambayoyi kullum, kuma tun da sabuwar shekarar nasara, ta Turawa ke nan, ta matso, tambayoyin duk suka koma na watanni da kwanaki. Ina zaune ina jiran kunu ya huce sai ta jawo tabarma ta zauna gabana ta fara: shekara kwana nawa ce, wane wata ne ba ya kai talatin, waɗanne mutane ne ke ba shekarunsu sunayen dabbobi. Ban sani ba, kuma ba na jin kunyar cewa ban sani ba. Na gaji da irin wannan sani da ake haɗiyewa da safe a manta kafin azahar. Amma shekaranjiya ta karanto wata tambaya da ta sa na ajiye ludayi.

"Angona, tsakanin shekarar wata da shekarar rana kwana nawa ne? In ka hwaɗi wagga ma, na sake ka."

"Sake ni in huta," na ce mata. "Wa za shi kwashe ki, ke da ko hura ba ki iya damawa?"

"Goma sha ɗaya ne! Ga shi nan an rubuta. Kai dai tsohon ga ba ka san komi ba."

Ta tashi tana dariya ta tafi neman wani da za ta kayar. Wannan ita kaɗai ce tambayar da na san amsarta, kuma na fi wanda ya rubuta ta sani, don shi a takarda ya gani, ni kuwa irin hatsin gidanmu na rasa kafin in san ta. Ban gaya mata ba, don ba za ta zauna har in kai ƙarshe ba.

Lokacin da muke samari a ƙauyenmu, can tsakanin Agiye da Gangara, ba mai tambayar yau nawa ga wata sai in azumi ya matso. Da kunne ake jin lokaci, da hanci, da fatar jiki. Safiya lugude ke kawo ta, taɓarya uku cikin turmi ɗaya, tun kafin zakara ya gama gyara murya. In ka ji wasaki ya daɗe yana tafiya cikin rijiya kafin ya bugi ruwa, ka san rani ya yi nisa. In mata suka fara kai tulu biyu su dawo da ɗaya da rabi, bazara ce. In kurciya ta yi ta kuka da tsakar rana har ta gundure ka, kai ma ka san ba a fita da jaki sai la'asar. Ƙidayar watanni kuwa uku muke da su, kowace da inda take amfani. Malamai na da tasu, ta azumi da layya da cika-ciki, ita kuma yawo take yi ba ta zama wuri ɗaya: na yi azumi cikin sanyi, na yi shi cikin bazara har harshe ya manne, na yi shi cikin damina da hauya a kafaɗa. Gwamnati na da tata, wadda mu ba mu tuna da ita sai ranar da aka zo karɓar lanho, wato haraji. Ta uku ita ce ta manoma, wadda watanninta ba su da suna sai lamba. Ana fara ta bayan an gama ɗaurin hatsi, a ce watan ɗaya, watan biyu, har a kai watan bakwai. Ƙa'idar kuma a fili take: ruwan da ya sauka kafin watan bakwai, komai yawansa, ba a shuka da shi, wanda ya sauka cikin watan bakwai, a ɗauki sungumi. Yau kowane mai kanti yana raba almanaka, kowane yaro da agogo cikin aljihu, amma in an yi ruwan farko sai ka ga ƙato da gemu ya manna rediyo a kunne yana jira wani daga Yamai ya ce masa ya shuka gonar ubansa.

A garinmu Babana ne ke riƙe da wannan ƙidaya. Yana da wani ɗan ƙoƙo da ya yi baƙi don tsufa, yana rufe shi da faifai a gefen shimfiɗarsa. Duk ranar da jinjirin wata ya tsaya, in an fito sallar magariba an gan shi, sai ya shiga ya jefa ƙwallon tsamiya ɗaya a ciki. In sun cika goma sha biyu ya juye, ya sake daga farko. Mutane kan zo su tsuguna a zaure su ce, "Maigida, wata nawa muke?" Ya faɗa musu da kalma ɗaya, ba ya ƙarawa. Mutum ne mai rowa, Allah ya gafarta masa, kuma ba rowar tuwo ba, don baƙo bai taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Rowar magana yake da ita da rowar iri. In ka tambaye shi dalilin abu sai ya ce, "Ranar da kunka isa sani za ku sani, yanzu dai ku yi abin da nic ce." Irin kuwa wani hatsi ne da kakansa ya taho da shi daga kudu, daga ƙasar Katsina, ƙulle cikin gefen riga lokacin da suka yi ƙaura. Hatsi ne mai dogon kai, mai farin gari, hurarsa tana kwana biyu ba ta yi tsami. Duk kaka Baba da kansa yake zaɓen kawunan da za a ajiye, ya ɗaure su dabam, ya rataye cikin ƙaramin rumbu da ba mai buɗewa sai shi. Sarkin noman wani gari ya taɓa aiko da rago don a ba shi tiya ɗaya, Baba ya mayar da ragon da gaisuwa. Duk faɗin yankin nan ba gidan da ke da irin sai namu.

A daminar da aka ce nasara sun sauka, ƙasa ta koma hannun ƴaƴanta, mu muna cikin noma na biyu labari ya iso mu. An yi kiɗa a Agiye, an ɗaga sabuwar tuta, wasu samari suka je kallo suka dawo da ƙura har gira. Baba bai ɗaga kai daga kunyar da yake nomewa ba, cewa ya yi in sabon mulkin yana da ruwan sama ya turo. A kakar wannan shekara, bayan an gama ɗauri, ya juye ƙoƙonsa ya jefa ƙwallon watan ɗaya da hannunsa. Kwana huɗu bayan haka muna kan ɗora jinkar rumbu ya zame ya zauna ƙasa, ya kasa tashi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke, ba abin da ke fita sai wani gurnani. Ni ne babba a cikin ƴaƴansa maza, ban daɗe da aure ba, gemuna ma bai haɗu ba, sai ga gandu da rumbuna da bakuna goma sha wani abu a wuyana. Muka yi ta yawon magani, daga mai rubutu zuwa mai saiwa, har wani a wajen Gidan Rumji da aka ce yana tayar da irin wannan ciwo. Bai tayar ba. Hatsin ci ya tafi wurin magani da lanho, kafin zafi ya kankama mun koma cin dawar da ƴan uwa ke aikowa. Abin da ya rage na hatsinmu a duniya shi ne wanda ke rataye cikin ƙaramin rumbu.

Ba zan ɓoye ba, cikin wahalar nan akwai abin da ya yi mini daɗi. Ƙoƙon ya dawo hannuna. Duk tsayuwar wata ni ke shiga in jefa ƙwallo, kuma dattawan da jiya suke aikena ɗebo musu wuta yau su ne ke tsayawa su ce, "To, ɗan gidan, wata nawa muke?" Ni kuma in gyara murya in amsa da kalma ɗaya, yadda na ga ana yi.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda ya yi lakol ƴan shekaru ya samu aikin aike a buro, ofishin gwamnati, a Agiye. Ranar da suke ce wa bonane, wato sabuwar shekarar nasara, ya zo a kan keke da wata takarda naɗe a hammata. Ya warware ta a zaure, ga sabuwar tuta a sama, ga lambobi jere a ƙasa cikin ƙananan ɗakuna. Ya ce almanaka ce, ya kawo wa kawunsa, ya samo ƙaya ya kafe ta a bango.

"Yau shekara ta sake," in ji shi. "Ku ƙauyawa kuna nan kuna barci ba ku sani ba."

"Shekarar wa?" na ce. "Hatsi na rumbu, wata shina rabi, ba layya ba cika-ciki. Mi ya sake in ba wandonka ba?"

"Wagga takarda ba ta kuskure. Ko shekara ɗari anka yi, damana tana nan inda anka rubuta ta."

"To a kai ta gona ta yi mamu noma."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, don tsakaninmu ba a fushi. Takardar ta zauna a bango, yara na zuwa kallon tuta, ƙuda na yi mata ado.

A tsayuwar watan da ya biyo baya ne abin ya fara. Na shiga na jefa ƙwallo na huɗu, na rufe faifai. Da safe da na kawo wa Baba kunu sai na ga ƙwallo ɗaya a ƙasa, gefen tabarma. Na ɗauka kaza ce ta shiga, na mayar. Washegari na sake tarar da shi a ƙasa. Rana ta uku na laɓe a bakin ƙofa, na ga Baba ya ja jiki da ƙyar, ya miƙa hannunsa na hagu mai rai, ya ture faifan, ya lalubo ƙwallo ɗaya ya fitar. Na shiga na ɗauka a gabansa na mayar. Ya girgiza kai, ya yi gurnani, yawu na zuba ta gefen baki. Na goge masa, na ce, "Baba, kwanta ka huta, ina kula da shi." Ban ƙirga sau nawa muka yi wannan ba, shi ya fitar ni in mayar, har azumi ya zo ya wuce. Wani lokaci in ce ciwon ya taɓa masa hankali. Wani lokaci, Allah ya yafe mini, in ce kishi ne, ba ya son ya ga ana tambayata abin da a da shi ake tambaya. Inna, wato mahaifiyata, ta taɓa tsayar da ni a bakin madafa. Ba ta kiran sunana, don ni ne na fari.

"Kai, mutumen nan hwa ba wasa shikai da ƙoƙon ga ba. Tun da nike da shi ban taɓa ganin ya yi abu banza ba."

"To mi shika nuhi, Inna?"

"Ina zan sani? Ya taɓa hwaɗa ma mace abin ƙoƙo?"

Daga ƙarshe na gaji, na ɗauke ƙoƙon na ɗora shi kan katanga, inda hannunsa ba ya kai. Har yau in na tuna yadda ya bi shi da ido ina ɗagawa, sai in ji abinci ya fita raina.

Bayan ƙaramar salla da wata ɗaya na jefa ƙwallo na bakwai, na fita zaure na sanar. Kwana biyu tsakani, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta taso ta kwashe faya-fayan mata, awaki suka shigo da gudu, sai ruwa kamar ana juye tulu. Ba a daɗe ana yi ba amma ya yi ƙarfi, kuma wanda bai yi rani bakwai cikin yashin ƙasarmu ba ba zai gane abin da ƙamshin nan ke yi wa mutum ba. Da aka ɗauke na fita bayan gari na tona da hannu, laima ta wuce taki ɗaya. Na dawo na buɗe ƙaramin rumbu da kaina, karo na farko a rayuwata, na ce a sauke dammunan duka a sussuke. Wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo ta kan darni ya ce, "Yaro, ka dubi gawo kuwa? Ganyenshi na nan kore shar, bai zubar ba. Shamuwa ma ko guda ban gani ba." Gaskiya ya faɗa, don gawo sai damina ta zo da gaske yake kaɗe ganye. Na ce masa ƙoƙon Baba ya ce bakwai, kuma ƙoƙon Baba bai taɓa ƙarya ba. Ya ce to, ya janye kansa. Taubashina ma ruwan ya tsare shi a garinmu, ya ja ni gaban takardarsa ya ɗora yatsa.

"Dubi nan. Bara ranar da kunka yi shibka Mayu ta kusa ƙarewa, ban mantawa, don cikin satin anka ɗauke ni aiki. Yau ga mu nan, ko Afirilu ba ta hita ba. Ka jinkirta."

"In jinkirta laima ta tsere, don ɗan buro ya ce?"

"To shibka rabi."

Inna ma abin da ta roƙa ke nan. Ta ce in bar mata ko dame biyu a rataye. Na ƙi. Ina so in rufe gandu kaf kafin kowa, ina so masu wucewa su ga cewa maigida ya kwanta amma gida bai kwanta ba. Da sassafe da na ɗauko buhun iri na bi ta ƙofar ɗakin Baba, an fito da shi shan iska. Ya kama bakin rigata da hannun hagu, ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Na tsuguna na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Sai mun dawo, Baba, ka yi mamu addu'a."

Ranar nan da washegari muka yi shuka. Ni da ƙannena muna gaba da sungumi muna sara, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige, ana waƙa ana tsokanar wanda layinsa ya karkace. Wasu gidaje biyu ko uku suka bi mu, amma su kaɗan suka taɓa, a kwari kawai. Kwana huɗu hatsi ya huda ƙasa. Na tsaya a bakin gona da hantsi na ga layuka kore har inda ido ya tsaya, na ji a raina babu kamata a garin. Daga nan sama ta wanke fes. Sati ɗaya, sati biyu. Rana ta dawo da zafin da ya fi na da, iska mai zafi ta riƙa tasowa da azahar tana watsa yashi a kan tsiron. Ganye ya naɗe, ya yi fari, ya kwanta. Kullum da safe ina zuwa in tona gindi in ga ko da sauran rai. Kafin layya babu ko ɗan kore ɗaya a gandun, ka rantse ba a taɓa shuka shi ba.

Ana cikin haka wani tsohon Bafulatani, abokin Baba, ya biyo da shanunsa za shi arewa. Muna ce masa Bappa. Shekara da shekaru yana sauka a gonarmu da rani shanunsa su taka mana taki, amma a wannan shekara kudu ya yi, bai ji labarin ciwon ba. Ya shiga ya zauna kusa da Baba ya riƙe masa hannu. Da ya ɗaga kai ya hangi ƙoƙon a kan katanga, ya ce in sauko da shi. A lokacin na riga na jefa na takwas. Ya juye a tafin hannu ya ƙirga, ya dube ni, ya cire ɗaya ya ajiye a ƙasa, daidai inda Baba ke ajiyewa. Baba ya saki wani dogon numfashi ya rufe ido.

"Wa ya jehwa wanga?" in ji Bappa.

"Ni ne. Kowane wata guda, yadda shika yi."

"Ba yadda shika yi ba ke nan. Wata gajere ne, yaro, ba shi kai damana. Kowace shekara shina gaba da ita da kwana goma da ɗoriya. Shekara ukku, ya zama wata guda cur. Sai ubanka shi bar wata guda shi wuce cikin sanyi, ba shi jehwa mishi komi. Ni da shi muke zama mu duba mu ce bana ne. To bana ne. Yanzu kake cikin watan bakwai."

Wata huɗu mutumin nan yana gaya mini da hannu ɗaya da ya rage masa, ni kuma ina goge masa yawu ina ce masa ya huta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji haushinsa, ba zan yi ƙarya ba. Magana ce da ba ta fi numfashi uku ba. Shekara ashirin ina bin sa gona, da ya faɗa mini ita rana ɗaya muna hutawa a gindin gawo, da ba a yi haka ba. Ya ajiye ta sai ranar da na isa sani, ranar kuma ta zo ta tarar ba shi da baki. Na daɗe ina raba laifin nan tsakanina da shi, yau in ba shi kashi mafi yawa, gobe in karɓe. Yanzu da na girme shi da shekaru masu yawa na bar rabon, don na lura ni ma akwai abubuwan da nake cewa sai yaran nan sun natsu zan gaya musu.

Ruwan gaskiya ya sauka bayan layya, shamuwa ta cika tsamiyar bakin kasuwa, gawo ya tsaya tsirara. Gari duka ya fita shuka, mu muna zaune ba mu da ko tiya. Ana haka watan cika-ciki ya tsaya, sabuwar shekarar malamai. A al'adarmu ran cika-ciki ana dafa abin da aka ɓoye na ragon layya, kowa ya ci har ya kasa tashi, taubasai kuma su bi juna da tsiya. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka kowace shekara shi ke zuwa karɓar shara, ƴar kyautar taubasai, a wurina, yana tun daga bakin gari yana kirana da sunayen banza. Na shirya masa. Na san bana zai same ni yadda yake so, kuma na fi son ya yi mini dariyar a gaban kowa a wuce wurin. Sai ga shi ya shigo yana tura keke, da ƙullin buhu a baya. Ya sauke a zaure, ya gaida Inna, ya shiga ya gaida kawunsa. Ashe gida-gida ya bi, daga Agiye har kasuwar Gangara, wannan ya ba shi ƙoƙo, wancan ya ba shi tafi biyu, ya haɗa. Ya zauna muka ci tuwo ƙwarya ɗaya, takardarsa na kafe a bango saman kanmu, bai ko dube ta ba. Da zai tafi ya ce, "Gobe da sahe ina nan, ka aje mini sungumi." Ko kalma ɗaya ta tsokana bai yi mini ba, kuma wannan ya fi mini zafi.

Muka shuka abin da ya kawo. Allah ya ba da ruwa, hatsi ya yi, amma tarkace ne, wani dogo wani gajere, wani ya nuna wani yana fure, gari kuma ja-ja. Ba mu yi yunwa ba. Da kaka ta yi na ɗauko damen farko na kai wa Baba, don ko yana kwance shi ne maigida, kuma ba a sa hatsi a rumbu bai gani ba. Na kwance a gabansa na koma gefe na tsuguna. Ya daɗe yana laluben kawunan da hannun hagu, yana ɗauka yana ajiyewa, har ya samo wanda ya fi duka tsawo. Ya ɗora shi a kan mataccen hannunsa na dama, ya daidaita gindin da kan yatsu. Namu na da yakan wuce gwiwar hannu ya doshi kafaɗa. Wannan ko gwiwar bai kai ba. Ya tsaya yana kallon wurin da ya rage, ni kuma ina kallon ƙasa ina jira ya jefar.

Bai jefar ba. Ya ajiye shi dabam a gefen tabarma, ya sake lalubo wani ya ɗora a kansa, ya sake wani, har suka yi ɗan tsibi. Sannan ya turo su gabana da bayan hannu.

"Iri shika cewa," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Tashi ka rataye."

Na tashi na ɗaure na rataye. Bai ga wata kakar ba. Gajeren hatsin nan shi nake shukawa har yau, shi na ciyar da ƴaƴa da jikoki, kowa na cewa yana da auki, ni kuwa ban taɓa cin tuwonsa na ji daɗinsa ba.